Saura Mako Bakwai

Ulaisha, Riyad
Ranar Juma'a, bayan la'asar

Yayansu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka lafiya. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan ɗaki masu tsoronSa. Amin.

Na san dariya za ka yi. Bango ɗaya ne tsakanina da kai yanzu haka, ina jin ƙarar zif ɗin akwatinka, ni kuma ina falo ina rubuta maka wasiƙa kamar kana Kano. Yi dariyarka. Tun safe sau uku ina zuwa bakin ƙofarka da magana a bakina, sau ukun nan ina dawowa da tsintsiya ko kwandon wanki. Bakina ya kasa, bari hannuna ya gwada. Kuma da Hausa zan rubuta, ko da sai ka yi ta haɗa baƙi kamar ɗan aji biyu. Larabcina na asibiti ne, na "ina ke ciwo" da "buɗe bakinka", ba zai ɗauki abin da ke cikina ba. In ka fita masallaci zan cusa takardar a aljihun akwatin.

Gobe Asabar Abbanku zai kai ka Sulay, masaukin ma'aikatan siton da ya samo maka aiki. Jibi Lahadi za ka fara dawam, wato aiki, shida na safe zuwa biyu na rana. Kuma jibin nan dai, ƙarfe huɗu, kana da jalsa, zaman nan naku, a wurin da ake yi maka maganin barin ƙwaya. Mako goma sha biyu suka yanka maka, Lahadi, Talata da Alhamis, kowane zama awa uku, ka je ka dawo ka kwana a gida. Ka ci biyar, saura bakwai. Duk biyar ɗin nan ni nake tasa ƙeyarka mu hau tasi, kai a gaba ni a baya kamar ba mu san juna ba, in ga shigarka da idona, in zauna a bencin waje har ka fito.

Daga jibi babu mai tasa ka. Za ka tashi aiki a gajiye, rana tana dukan kai, ka keta garin nan cikin cunkoso, awa guda ko fiye, don ka je ka zauna ka faɗa wa mutane abin da ke ranka. Ka kuma san dokarsu, wanda ya fasa zama uku a jere sun soke sunansa, su ba wani kujerar. Akwai wata 'yar Masar da muke zama a bencin tare, ɗanta ya yi mako bakwai lafiya lau, sai ya fasa uku. Ta zo ita kaɗai ta roƙa, aka ce sai ya sake bin layi. Ta zauna kusa da ni ta miƙo min dabino, kuma tun daga ranar ban sake ganinta ba. Abin da ya hana ni zama ke nan. Yau har shinkafa na ƙona, ni, wallahi ban tuna rabona da ƙona shinkafa ba.

Ba wa'azi zan yi maka ba, ka sha wa'azi har ya gundure ka. Ɓarnar da ni na yi zan faɗa maka. Kai kana ganin duk abin nan laifinka ne kai kaɗai, Abbanku yana ganin laifin abokai ne, ni kuwa na san inda hannuna ya shiga.

Ka tuna lokacin da ka karye a ƙwallo, shekara biyu ke nan? Likitan ƙashi ya rubuta maka ƙwayar rage ciwo mai ƙarfi, ya dube ni ya ce, "Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na yi miki bayani ba." Gaskiyarsa. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan. A asibiti irin wannan ƙwayar a kulle take, mu biyu muke buɗe durowar, in miƙa wa marar lafiya guda ɗaya, in tsaya a kansa har sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Da aka zo kan ɗana fa, me na yi? Na ɗora kwalin gaba ɗaya a kan tire da kofin ruwa, na ajiye a ƙofar ɗakinka, na ƙwanƙwasa, na ce wa iska, "A sha ɗaya da safe, ɗaya da yamma." Na juya abina. Don me? Don ina jin nauyin in shiga ɗakin ɗan fari sau biyu a rana, in tsaya a kansa yana kwance da gajeren wando. Kwalin mako biyu ya ƙare a kwana tara. Na gani sarai. Na ce wa kaina ai ciwon ƙashi ba wasa ba ne, na koma na karɓo maka wani.

To ka ji. Maganin da suke ba ka yanzu na mako-mako, ka roƙe su su mayar da shi daga jalsa zuwa jalsa, na kwana biyu ko uku. Kada ka ɗauka raina ka aka yi. Mutumin da ya gaji, shi kaɗai da kwali cike a hannu, ba abin yarda ba ne, ko kai ne ko ni. Kuma in maganin ya ƙare dole ƙafarka ta kai ka can ko ba ka so. Sannan aikin sito aikin ɗaukar kaya ne. In ka ji rauni, Allah Ya kiyaye, duk likitan da ya ɗauki biro zai rubuta maka maganin ciwo, ka riga shi. Ka ce, "Dakta, ina da tarihi da ƙwaya." Kalma nawa ce? Ba zai cinye ka ba.

Dakata, na ji kana tambayar inda cajarka take. Tana kan firji inda ka bar ta. Ka gani, ko wannan ma bango na fuskanta na amsa maka.

Ƙafa ta warke, aka cire ɗaurin, amma kai ba ka dawo ba. Idonka ya canza, baƙin ya ƙanƙance kamar kan allura. Kana sosa hanci, kana gyangyaɗi da cokali a hannu. Da a asibiti ne wani ya shigo min da wannan idon, kafin ya zauna na gama karanta shi. Wata rana ba ka nan, ina jera maka wanki a durowa, na ji tauri a cikin safa. Ƙwayoyi ne a ƙulle cikin leda, ba na kantin magani ba, babu suna babu kwali. Na zauna a bakin gadonka na fi minti goma. Sai na tashi na zuba su a masai na kora ruwa, na dawo na ninke safar tsaf, na mayar da ita inda take. Da yamma ka shigo ka ce, "Ummi, sannu da gida." Na ce, "Yauwa, akwai abinci." Shi ke nan abin da na iya.

Sau uku na yi haka. Kullum in ce bari Abbanku ya dawo daga Dammam ranar Alhamis, maganar maza ce, shi zai yi ta. Ya ajiye tirela ya shigo, in gan shi yana tafiya a karkace don gajiya, in ce sai wani makon. Kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, kada a ji labari a tasa ka Najeriya, ƙasar da ko hanyar gidanmu ba ka sani ba. Ina tsoron takardar aikina. Ina tsoron bakin mutanenmu, mu nawa ne a garin nan? Ka yi atishawa a Ulaisha, kafin magariba an bugo daga Kano ana yi maka sannu.

Sai daga baya ka gaya wa Abbanku, shi kuma ya gaya min, ashe duk ka sani. Ka ce kana buɗe durowa ka ga safa a ninke babu komai a ciki, sai ka ce a ranka, "Ta sani, bai dame ta ba." Oh ni! Ni kuwa ina banɗaki ina kuka, famfo a buɗe don kada a ji.

Saboda haka ranar da ka ji abin yana kiranka, kuma zai kira ka, kada ka yi irin nawa. Ka faɗa. Ka faɗa wa Ustaz Bashir, dattijon Sudan ɗin nan da ke jagorantar zamanku, ko ka faɗa a gaban sauran, ai don haka aka jera kujerun. Shekara ɗaya da rabi na yi ina shiru, babu abin da shirun ya rage sai naman jikinka.

Wanda zan faɗa yanzu, har yau ba na son tuna shi. Ranar da Abbanku ya same ka a zube a banɗaki, shi direba ya ce a tafi asibiti, ni ma'aikaciyar asibiti na ce a'a. Na ce ai ni ce asibitin. Na ɗauki hutun mako guda, na haɗo ledojin ƙarin ruwa da allura, na kwashe komai daga ɗakinka, na kulle ƙofa na ɗaure mukullin a gefen zanena. Na ce kwana bakwai ya isa abin ya fita daga jininka. Dubi abin mamaki, kunyar da ta hana ni shiga in miƙa maka ƙwaya ɗaya, tsoron mutane ya kore ta nan take, na shiga na kama hannunka ina neman jijiya. Maƙwabta na ce musu taifot ne. Na buga gida aka aiko da rubutu, ina ba ka kana amayarwa. Addu'a ba ta da laifi, ni ce na laɓe a bayanta don kada in je inda za a rubuta sunanka a takarda.

Kwana na uku, ana kiran azahar, na ji ƙara kamar an yar da buhu. Ƙullin mukullin ya ƙi kuncewa, sai da na yage zanen. Na same ka a ƙasa kana fizge-fizge, ka ciji harshe, ga jini ga kumfa. Na san abin. Ni da bakina nake koya wa sababbin ma'aikata cewa irin wannan ƙwayar ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake janye ta, in ba haka ba ga abin da ke faruwa. Na sani, na kuma yi. Ranar ce na fara ɗora kanka a cinyata tun da aka yaye ka. Allah Ya sa Abbanku bai koma Dammam ba, ya kira motar asibiti, bai ko tambaye ni ba. Can wani likita ƙarami, na haife shi, ya ɗaga hannunka ya ga allurar ruwa, ya ce, "Wa ya sa wannan?" Na ce ni ce. Ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Kwana goma sha biyu ka yi a kwance, daga nan suka haɗa ka da zaman da kake zuwa yanzu. Kuma ka gani, babu wanda ya kore ka daga ƙasar, babu wanda ya taɓa aikina.

Kada ka zama likitan kanka. Uwarka ta gwada da takardar shaida a hannu, ta kusa kashe ka. A masaukin nan za ka haɗu da likitoci kala-kala. Wani zai miƙo maka ƙwaya ya ce ta ƙarfin aiki ce, kowa yana sha, ba ta komai. Wani kuma zai ga maganinka ya ce, "Kai ba namiji ba ne? Zubar da shi ka kama azumi." Dukansu ka ce musu shukran ka wuce. Mai ƙara maka magani ko ya rage yana can inda kake zuwa ƙarfe huɗu.

Na tashi na zuba maka yaji a kwalba, na dawo. Na sake tashi na ɗauko sabon tawul, wanda ka saka ya tsufa. Abbanku ya ce, "Maman Safiya, ki zauna mana, kin sa kaina yana juyawa." To na zauna. Gaskiyar magana, gudun abin da zan rubuta yanzu nake yi.

Alhamis ɗin mako na biyu ce, da suka ce iyaye su shigo ciki. Kujeru a zagaye. Ga wata Balarabiya ta riƙe hannun ɗanta, ƙato mai gemu, tana murzawa, wata tana sumbatar kan nata. Ni na karkata kujerata na fuskanci mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kamar sanyi na zo sha. Da aka zo kanmu Ustaz Bashir ya kira ni uwar wane, da sunanka, yadda Larabawa suke yi. Ya ce, "Ki dube shi ki faɗa masa abu ɗaya da kike tsoro." Na ce, "Ustaz, ka gaya masa..." Ya katse ni yana murmushi, ya ce, "Ga shi nan kusa da ke, ba ya buƙatar tafinta." Na ci gaba da kallon mukayyif. Sai kai ka yi magana, da Larabci, idonka a ƙasa. Ka ce, "Ku ƙyale ta. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba. Tana kiran Safiya, tana kiran Umar, tana wasa da su. Ni ban san abin da na yi mata ba, kuma tun kafin ƙwaya ne." Na ɗauki jakata na fita. Har yau kuma ban ba ka amsa ba.

Ga amsar. A Ringim inda aka haife ni, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kai kuma abin ya haɗu maka biyu, don sunan mahaifin Abbanku aka sa maka, surukina, wanda ko da wasa ba zan ambata ba. Innata har ta rasu ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba, amma in ya yi tafiya ba ta iya cin abinci sai ya dawo, kuma duk gidan an san wanda ya fi soyuwa a ranta. Haka na tashi na gani, na ɗauka kowa ya san ma'anarsa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, can ɗan fari ba ya rasa mai kiransa. Akwai kaka da za ta goya shi ta yi ta tsokanarsa tana ce masa mijinta, akwai gwaggo, akwai inna, kowa yana ja, sunansa har ya gaji da ji. Uwa ta yi kunyarta, gida ya cike gurbin. Ni na ɗauko kunyar na taho da ita Riyad, na baro kakar da gwaggon a Ringim. Na kawo ka kana ɗan shekara huɗu cikin ɗaki biyu da falo. Ka tashi kana ganin uwayen abokanka ana kiransu da sunan 'ya'yansu na fari suna amsawa da alfahari, taka kuwa in maƙwabciya ta kira ta haka sai ta yi kamar ba ta ji ba. Wa zai yi maka bayani? Babu. Shekara goma sha tara, ko sau ɗaya ban tsaya na ce yaron nan me yake gani ba.

Idrisu.

Ga shi na rubuta. Biron har zamewa yake don gumi. Idrisu, babu abin da ka yi min. Kai na fara ɗauka a cikina, kukanka na fara ji, a kanka na fara sanin tsoro. Ina sonka, kuma ba na jin akwai wanda nake so a duniyar nan kamarka, kada dai ka nuna wa Safiya wannan layin ta cinye ni ɗanya. Ka yafe min. Kai kuma in shirun wani ya dame ka, ka tambaye shi tun da wuri, kada ka zauna kana yi masa fassara kai kaɗai har shekaru su tafi.

Da a nan ɓarnata ta tsaya ma da sauƙi. Mako na uku ka fara cin abinci har da ƙari, kumatu suka dawo, kana bin Abbanku masallaci. Na ce alhamdu lillahi, ya warke. Ranar Alhamis na dafa abincin sadaka, na gayyato matan unguwa, wai murnar taifot ya tafi. Ƙarfe uku ka fito ka sa takalmi kana jirana mu tafi jalsa. Na ce, ina kallon tukunya, "Yau a huta mana, ga baƙi, wa zai shigo da lemo? Zama ɗaya ba zai rage komai ba." Ka ɗan tsaya, sai ka cire takalmin. Lahadi ka ce kanka yana ciwo, na ce to a kwanta. Ni na buɗe ƙofar, da wane baki zan hana? Biyu ke nan a jere. Litinin ka ce za ka baƙala, shagon unguwa, sayen burodi, ka yi awa uku, ka dawo da idon nan.

Abin da ya faru ranar Talata ba ni na yi shi ba. Ni ina ɗaki na rasa abin yi, har na fara tunanin in sake jan bakina in yi shiru. Ƙarfe uku ka ƙwanƙwasa ka ce, "Ummi, yalla, mu tafi." Ka shiga, kafin a miƙo maka kwalbar gwajin fitsari ka faɗa musu da bakinka. Ustaz Bashir ne ya gaya min. Ban taɓa ganin girmanka irin na ranar ba, kuma ban gaya maka ba, kamar yadda na saba.

Ka riƙe wannan da kyau. Ranar da ka ji garau, ka ji kamar ba ka buƙatar kowa, ranar ce ka fi buƙatar kujerar nan. Marasa lafiyata ma haka suke, zazzaɓi na sauka su ajiye magani, bayan mako guda a dawo da su ranga-ranga. In mudir, shugabanku na aiki, ya ce ka ƙara awa biyu ranar jalsa, ka ce masa kana da likita, ba ƙarya ka yi ba. In kun tashi dawam kada ka ce bari in ɗan kishingiɗa minti biyar, na san minti biyar ɗinka, sai an kira magariba. Ka watsa ruwa, ka ci wani abu ko a tsaye, ka yi la'asar a can. In Abbanku ne ya ce ka fasa, ko ni, ka ƙi mu.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da zamewar, ga shi kana haɗa akwati. Kada ka ɗauka da daɗi na yarda. Jiya da kuka fito, ka tafi tsayar da tasi, na tare Ustaz Bashir a bakin ƙofa na ce ya hana ka. Aikin ya jira, ka gama makonninka a gida inda idona yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sista, a ina ya zame, a Sulay ko a Ulaisha?" Tsohon nan ba shi da kara ko kaɗan. Ya ce kai ka zaɓi tafiyar, kai ka tsara musu yadda za ka riƙa zuwa, har lambar bas ka rubuto, kuma zaman banza a gida shi ma ciwo ne.

Ban haƙura ba. Muna dawowa na biya kanti na sayi niƙabi, ni da ban taɓa sawa ba. Dabarata ita ce duk ranar jalsa in je in tsaya a baƙalar da ke tsallaken titi, a rufe ruf, in ga shigarka in koma, ba ka sani ba. Yau da safe Abbanku ya gan shi a jaka, ya ɗaga shi sama ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "Maman Safiya, wannan tafiyar taki ta agwagwa, ko a buhu aka sa ki yaron zai gane ki." Da ya gama dariyar ya ce, "In don kina leƙe yake zuwa, ranar da kika yi mura fa?" Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

To ga abin da na yi, kuma shi ya fi komai yi min wuya. Kafin a tafi sallar Juma'a na buga wa shugabarmu na roƙe ta ta sa ni dawam ɗin yamma duk Lahadi da Talata da Alhamis, har mako bakwai. Ta yi mamaki, don kowa gudunsa yake. A ɓangarenmu waya a loka take zama. Ba zan iya zuwa ba, ba zan iya bugawa ba, ba zan aiki kowa ba, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan tambayi Ustaz ba. Na ɗaure ƙafata da kaina don na san halina. Rana ɗaya kawai na bari a buɗe, Alhamis ɗin da za a sake kiran iyaye, shi ma sai in ka gayyace ni.

An kira magariba, na ji ka fito kana alwala, bari in tsaya. Allah Ya tsare min kai. Allah Ya tsare bakinka da hannunka, Ya nisanta ka da duk mai miƙo maka abin da zai cuce ka. Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya ba ka barci mai daɗi da ƙarfin tashi. Duk abin da kake ganin ka yi min na yafe maka, duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka.

Jibi ƙarfe huɗu ina ɗakin tsofaffin mata ina raba magani, idona a agogon bango, babu abin da zan iya yi maka daga can. Ba zan san ko ka je ba sai in kai ka gaya min. Don Allah ka je.

Wassalam,
Umminka